Dikodar Nan Gaba

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta ratsa gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure ya san gidan Maikuɗi, ko da bai san mai gidan ba. Shi ne gidan nan mai matattakalar siminti da ta taso daga tsakar gida, ta bi jikin katanga ta haye sama, ta tsaya cak a kan wani ɗan dandamali daidai saitin ƙofar gida, babu bene babu dalilinsa. In baƙo ya tambaya ina ta nufa, sai Maikuɗi ya gyara zaman hula ya ce bene ne zai zo ya same ta nan gaba. Haka ya fasa katanga ya sa ƙatuwar ƙofar gareji, alhali babur ɗinsa ta zaure yake shiga kamar na kowa. Da mutane suka gaji sai suka laƙaba masa Maikuɗi Nan-gaba, shi kuwa ya ɗauka kirari ne, har amsawa yake da ɗaga hannu.

Manomi ne kamar sauran jama'a. Yana da 'yar gonarsa ta tumatir a gefen kanal, wadda ba ta fi ta kowa ba, ba ta kuma kai bakinsa faɗi ba.

Surukinsa kuwa, Baba Isiyaku, mahaifin matarsa Rahma, shi ne mafi tsufa cikin manoman rani na wannan yanki. Da idonsa ya ga an haƙa kanal, yana kuma cikin samarin da suka fara jan ruwa zuwa gona tun ana yi musu kallon marasa aikin yi. Wata rana sai ga ma'aikatan wani gidan talabijin daga Kano, suka zaunar da tsohon a gindin darbejiya suka yi hira da shi. A cikin hirar Baba ya jero sunayen abokan aikinsa na farko, waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya, ya faɗi wanda ya fara dasa albasa, da wanda ruwa ya taɓa ja da buhun taki a kafaɗa. Kafin motar baƙin ta hau titi labari ya gama gari. 'Ya'yan mamatan da jikokinsu kowa ya ƙagu ya ji an ambaci ubansa a talabijin. Baba kansa, da ba a san shi da ɗokin komai ba, an ji shi yana tambayar jikoki ko Asabar ta kusa.

To, a nan gizo ya yi saƙa. Ranar Asabar da hantsi za a nuna shirin, sau ɗaya tak, a tashar da sai da dish ake kama ta. Asabar ɗin kuma ita ce ranar ruwa. An daɗe da rufe kanal ana yashe, shuka ta sha ƙishi har ganye ya fara naɗewa, kuma ranar aka ce za a buɗe wa ɓangarensu ƙofa. Ranar ruwa kuwa ko ɗaurin aure ɗaga shi ake yi, don wanda bai tsaya ya tare rabonsa ba, ruwa ya zarce gonar na ƙasa, sai wani zagayen.

A teburin mai shayi aka baje maganar. Ibrahimu, mijin Nafisat ƙanwar Rahma, mutum mai sanyin murya da kaifin harshe, ya ce abin ai mai sauƙi ne. Yana da 'yar risibarsa da take kama tashar, sai Nafisat ta zauna gaban talabijin da waya ta ɗauka, da yamma kowa ya gani.

Maikuɗi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Da waya? Surukin namu guda, dattijon yanki, a ɗauke shi da waya, hannu na rawa, yara na gilmawa, akuya na kuka a baya?"

"To da me za a ɗauke shi, Yaya Maikuɗi?"

"Akwai dikoda mai naɗa. Ka saita ta ka tafi gona, ita ta zauna ta yi maka kallon, ta adana, ka dawo ta maimaita maka."

"Ka taɓa ganinta?"

"Ibrahimu, abin da na gani a Kano, kai ko a mafarki ka gan shi sai an nemo maka tafinta."

Da yammacin ranar ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren Baba Isiyaku, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya zube alkawari. "Baba, ka je ka yi ban ruwanka hankali kwance. Bayan magariba ka zo ƙofar gidana ka ga kanka. In ka so ma a yi ta maimaita maka har ka gaji."

Baba ya dube shi ta ƙasan gira. "Sau ɗaya ma ya ishe ni, in dai zan gani. Ka tabbata?"

"Baba, in ban tabbata ba ai ba zan buɗe baki ba."

Wannan magana ko kajin gidan ba su yarda da ita ba, amma Baba ya ce Allah ya yi albarka.

Washegari Maikuɗi ya loda buhunan shinkafar da ya ɓoye don nan gaba, ya sayar a Kura, ya hau bas zuwa Kano. A kasuwar kayan wuta ya faɗa shagon wani mai suna Abdulsamad, ya yi masa bayani. Abdulsamad ya ɗauko wata 'yar dikoda da ba ta fi faifan tuwo ba, ya ce, "Alhaji, ga daidai buƙatarka. Da ɗan ƙaramin dish take zuwa, a ɗaure shi a jikin bango, ka saita lokaci, ka tafi harkarka."

Kiran Alhajin ya yi wa Maikuɗi daɗi, don shi ma yana cikin abubuwan da ya tanada nan gaba. Amma dikodar ba ta yi masa ba. Ya juya bayanta ya ga ramukan waya biyu kacal, ya taɓe baki. "Wannan ai ta yau ce kawai. In duniya ta ci gaba, ina zan soka ci gaban?"

Idonsa ya faɗa kan wata baƙa ƙatuwa a can saman kanta, ƙura ta yi mata lulluɓi. Abdulsamad ya ce waccan ta masu otal ce da gidajen kallo. Ai kamar ya zuga shi. Aka sauko da ita, Maikuɗi ya juya bayanta, ya ga ramuka jere reras kamar gidan zuma, sai da ya yi hamdala.

"Wannan ramin na mene ne?"

"Na ƙara dish na biyu."

"Wannan fa?"

"Na babbar ma'ajiya, in ta ciki ta cika."

"Wannan dogon?"

"Na kati ne, in an fito da wasu tashoshi da ba a fito da su ba tukuna."

"Madalla. Wannan na ƙarshen fa?"

Abdulsamad ya leƙa, ya hura, ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Alhaji, wannan ni ma ban sani ba."

"Ita nake so," in ji Maikuɗi. "Ramin da mai shago ma bai san shi ba, ai ka ga ya wuce zamaninmu."

Irin wannan dikoda kuma ba a haɗa ta da ɗan dish kamar murfin tukunya. Maikuɗi ya zaɓi wani ƙato mai zurfi wanda mutum uku za su kwanta a ciki, da injin da yake juya shi daga rimot, saboda nan gaba in an harba sababbin taurari ba sai ya hau sama ba. Abdulsamad ya ce zai haɗa shi da mai saitawa. Maikuɗi ya ce mutumin da ya gina matattakala da kansa ba ya bukatar a nuna masa sama.

A a-kori-kura aka kawo kayan, dish ɗin a ɗaure a baya yana ƙyalli, mutane na barin gona suna fitowa bakin hanya. Maikuɗi yana gaba, hannu a waje, yana ɗaga wa kowa har da wanda bai dube shi ba.

Hawa da dish ɗin ya ɗauki maza huɗu da igiyar rijiya. Maikuɗi yana sama yana ba da umarni, ya ce a saki ta dama, aka saki, ashe ta hagu yake nufi. Dish ya kuɓuce, ya sauko matattakala a tsaye kamar tayar tarakta, ya tarwatsa kaji, ya daki ƙofar gareji ta buɗe, ya fice ya bi lungu, maza na bin sa a guje, har ya je ya kwanta a magudanar ruwan gonar liman.

Ibrahimu, da ke tsaye da rake a hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi, yau dai an buɗe gareji. Allah ya sa na gaba mota ce."

"Gwaji na yi," in ji Maikuɗi yana haki. "Ka ga ko lotsewa ya yi?"

Sai da la'asar ta yi sanyi aka kafa shi a kan dandamalin, bakinsa na kallon sama kamar ƙaton kwanon da ake jira a zuba wa abinci. Aka shiga ɗaki haɗa waya, nan kuma wata ta ɓullo. Duk ramukan nan na bayan dikoda, babu ko ɗaya da ya yi daidai da tsohuwar talabijin ɗin Maikuɗi. Babbar da za ta dace da ita, nan gaba zai saya. Dole ya taka zuwa gidan Ibrahimu aron tasa, wadda ita ce kaɗai mai lafiya a unguwar, ya kuma haɗa da janareta tunda ya riga ya zo.

Ibrahimu ya ce, "In ka ɗauke ta, da me Nafisat za ta ɗauka da waya ko don ɓacin rana?"

"Ɓacin rana a gidana?"

Nafisat ta leƙo ta ce wa mijinta ya yi haƙuri ya bayar, ai don Baba ne. Ibrahimu ya bayar, amma sai da ya shafa talabijin ɗin kamar mai sallama da ɗa zai tafi ci-rani.

Sai neman sigina. Maikuɗi a sama yana murɗa ƙarfe, Rahma a bakin ƙofar ɗaki tana leƙen talabijin.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba."

"Yanzu fa?"

"Ya ɗan yi kamar zai kawo, ya fasa."

Kwana biyu ana wannan kiran da amsawa, har unguwa ta haddace. Mai shayi in ya miƙa wa mutum kofi sai ya ce ya kawo, mutumin ya kurɓa ya ce bai kawo ba, a ƙara sukari. Da dish ya fara kamawa kuma sai ya kamo duniya ban da Kano. Aka ga Turawa na zamiya a kan ƙanƙara, aka ga tseren raƙuma, aka ga wata mata tana soya kifi tana surutu da yaren da ko Maikuɗi bai yi da'awar yana ji ba. Daga ƙarshe ya zagaya bayan rumbu, ya kira Abdulsamad a waya da murya ƙasa-ƙasa, aka karanta masa komai har da yadda ake saita lokacin naɗa. Ya fito yana karkaɗe hannu, ya ce dama ya san wurin, so yake ya zaga da mutane ƙasashe tukuna.

Rahma ta ɗaga kai ta dubi abin da ke saman gidanta, matan maƙwabta na tsaye tare da ita. Ta ce, "Baban Humaira, anya wannan abu iska ba za ta gusar da shi ba? Ka san Baba ya sa rai."

"Iska?" Maikuɗi ya dubi matan don ya tabbata suna ji. "Wannan ko buhunan shinkafa kika jibga masa ba zai san an yi ba. Abin da yake ɗauko magana daga sararin samaniya, me za ki ɗora masa a nan duniya ya dame shi?"

Rahma ta ce to, ta kuma riƙe maganar, don ita mace ce mai riƙe magana.

Ranar Juma'a ya ɗebi tumatir ya kai bakin titi, ya tarar kasuwa ta cika ta batse, kwanduna jere har inda ido ya ƙare. Dillalai suka yi masa tayin da ya ce zagi ne. Ya juyo da kayansa gida kaf, ya jibge a tsakar gida, ya ce da Rahma gobe a yanka a shanya, nan gaba in damina ta faɗi kauɗar tumatir sai mai rabo.

Da asubar Asabar, kafin ya tafi gona, ya bi gidan ya tattare duk wani tampol da tabarma da buhun shanya, ya fitar ƙofar gida ya shimfiɗa wa baƙin yamma, ya danne da duwatsu. Ya tayar da janareta, ya leƙa dikoda ya ga jar fitilarta na kiftawa, ya ja ƙofar ɗakin ya datse da kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Rahma ta ce, "Ka kulle, mu da muke gida ba za mu gani ba ke nan?"

"Ku gani tare da kowa da yamma. In na bar shi a buɗe wata za ta danna abin da ba ta sani ba."

"To tampol ɗin fa? A kan me zan shanya tumatir ɗinka? Ƙasa ga kaji ga awaki."

"Rahma, gidan nan duk faɗinsa ki rasa inda rana take? Duk inda kika ga fili ki shanya. Ɗakin nan kawai na ce kada a taɓa."

Ya saɓa fartanya ya fice.

A gona ranar babu mai lokacin wani. Ruwa ya zo da ƙarfinsa, kowa ya duƙa yana fasa kunya yana toshewa, Baba Isiyaku ma yana cikin tasa gonar, wando a naɗe, laka har gwiwa. Maikuɗi ne kaɗai ya sami sarari. Ya fasa wa ruwa hanya ya bar shi, ya bi gefen kanal gona-gona yana gayyata. Da hantsi ya ɗaga ya dubi rana ya sanar da cewa yanzu haka dikodarsa na zaune tana kallon Baba. Kafin ya dawo ruwansa ya cika ya tsallake ya shiga albasar maƙwabci, aka yi 'yar hayaniya, ya kashe ta da alkawarin wurin zama a sahun gaba.

Gab da magariba ya shigo gida. Ya ga matattakala ta yi ja jawur, kowane hawa an jera masa yankakken tumatir, an bar 'yar hanyar ƙafa a gefe. Ya tsaya ya yi murmushi. "Kin gani ko? Da ana cewa ba ta da amfani." Bai ɗaga kai ya ga inda jan ya ƙare ba. Ya yi wanka, ya zura farar babbar rigarsa ta sallah, ya fito da talabijin da dikoda ƙofar gida ya ɗora a tebur.

Bayan an idar da salla wuri ya cika. Maza a kan tampol, mata a zaure da bakin gareji, har da waɗanda suka zo daga Garun Malam a kan babur. Iya Sa'a, wadda mijinta ne ruwa ya ja da buhun taki, ta zo da sandarta, aka ba ta kujera 'yar tsugunne kusa da ƙofa. Baba Isiyaku ya zauna a gaba a kujerar roba, sanye da rigar da aka yi hirar da ita, hannuwa a kan gwiwa. Duk wanda ya dube shi ya san yana cikin farin ciki, ko da yake ya ɗaure fuska don kada a gane.

Maikuɗi ya ɗaga dikodar sama ya juya wa jama'a bayanta, ya fara bayanin ramuka ɗaya bayan ɗaya. Yana kan na kati Ibrahimu ya ce, "Yaya Maikuɗi, ramukan muka zo kallo ko Baba?"

Aka yi dariya, Maikuɗi ya ce gaggawa ce ta hana wasu ci gaba, sannan ya danna rimot.

Hoto ya fito tar, kamar ka sa hannu ka taɓa. Wallahi a wannan lokacin har Ibrahimu sai da ya gyara zama. Aka yi tallar taki, aka yi tallar maganin sauro. Mai gabatarwa ya fito ya gai da masu kallo na birni da na ƙauye, ya gai da na gida da na asibiti, bai bar kowa ba. Aka nuno kanal, jama'a suka ɗau guna-guni, wani ya rantse ya ga bayan gonarsa. Maikuɗi ya harɗe hannu a ƙirji yana kallon mutane maimakon talabijin.

Sai hoton ya ɗan yi tsalle. Ya dawo. Ya sake yi, fuskar mai gabatarwa ta rabe gida-gida kamar zanen tabarma, ta haɗe. Aka nuno darbejiya. Ga Baba Isiyaku nan a zaune, ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, na farkonmu dai shi ne marigayi..."

Nan ya tsaya, baki a buɗe. Muryar ta koma wani ƙurƙur kamar kwaɗon kanal, fuskar ta wargaje, sai allon ya koma shuɗi da wani ɗan rubutu yana yawo a tsakiya.

Maikuɗi ya tura gaba, shuɗi. Ya ƙara turawa, shuɗi. Dikodar dai ta yi aikinta tsakani da Allah, ta zauna ta naɗi shuɗin nan tun daga hantsi har ƙarshen shirin.

"Daga gidan talabijin ɗin ne," in ji Maikuɗi.

Wani daga Garun Malam ya ce ƙaninsa da ke Kumbotso ya kira shi da rana, ya ce ya kalla har ƙarshe lafiya lau.

"To hadari ne ya tare."

Kowa ya san rabon da a ga gajimare tun kafin a yi dashe.

"Talabijin ɗin Ibrahimu ce ba ta iya ɗaukar ƙarfin dikodar ba."

"Ta ɗauki tallar taki," in ji Ibrahimu.

Gumi ya fara tsattsafo wa Maikuɗi ta ƙarƙashin hula. Ya ce dish ne ya ɗan kauce, kuma dama saboda irin haka ya sayi injin juyawa. Ibrahimu ya ce abin da ya wuce tun hantsi, juya dish da magariba ne zai dawo da shi? Maikuɗi ya ce ba ka san dikodar nan ba. Ya matsa daidai ƙarƙashin dandamali, ya ɗaga rimot sama yadda kowa zai gani, ya danna da ƙarfi.

Aka ji wani gurnani daga sama, kamar na jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Dish ɗin ya yi nishi, ya karkato a hankali wajen ƙofar gida, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya juye abin da ke cikinsa. Tumatir kwando-kwando, yankakke, wanda ya wuni a rana ya yi laushi ya tara ruwa a ƙasan kwanon, ya sauko gaba ɗaya. Mafi yawansa a kan Maikuɗi ya sauka. Sauran ya rabu a sahun gaba, mai albasar nan da aka yi wa alkawarin wuri ya sami kaso mai tsoka.

"Wayyo kauɗata!" in ji Rahma daga zaure.

Maikuɗi ya share ido, farar riga ta koma ta mahauta. "Rahma, a cikin dish kika yi shanya?"

"Matattakala ta cika, tumatir bai ƙare ba. Na ga fili, ga rana, akuya ba ta hawa."

"Yaushe?"

"Da hantsi, ni da Nafisat, muna ɗorawa kaɗan-kaɗan."

"Ba ki san nauyi zai kautar da shi ba?"

"Da bakinka ka ce ko buhunan shinkafa aka jibga masa ba zai san an yi ba. A gaban mutane ka faɗa. Ɗakin ka ce kada a taɓa, kuma ban taɓa ba."

Matan maƙwabta suka ce ƙwarai, suna wurin. Dariya ta ɓarke, maza na faɗuwa a kan tampol, wani na tsamo tumatir daga aljihu. Amma ba ta yi nisa ba ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya, don an ga Baba Isiyaku bai yi ba. Yana zaune yadda yake, idonsa a kan shuɗin allon. Rahma ta dubi mahaifinta, ta gane abin da ya salwanta, ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Iya Sa'a ta tambayi ta kusa da ita ko an riga an faɗi sunan malam, mijinta, ne ba ta ji ba.

Kunya ta kama Maikuɗi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya tuɓe takalmi a cikin ruwan tumatir, ya durƙusa gaban surukinsa. Amma baki ya riga ya saba da hanyarsa.

"Baba, a yi haƙuri. Nan gaba in suka maimaita shirin..."

Baba ya ɗauke wani yankin tumatir daga gwiwarsa, ya ajiye a gefen tebur a hankali. Ya ce, "Maikuɗi, kai ne kake da nan gaba mai yawa. Ni ta yau na zo gani."

Can Baba ya miƙe, ya juya kujerarsa ta ba wa talabijin baya, ta fuskanci jama'a, ya koma ya zauna. Ya ce, "Kashe injin nan, ya hana mutane ji."

Maikuɗi ya je ya kashe janareta, kuma a duk makon nan wannan ne abu na farko da ya danna ya yi abin da ake so. Baba ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, na farkonmu dai shi ne marigayi Uba mai albasa." Wani magidanci a baya ya ce Allah ya ji ƙansa. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da gonar kowa da halinsa, ana amsawa da addu'a. Da ya zo kan mijin Iya Sa'a da buhun takinsa, tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai har ya rasu bai yarda santsi ne ya kwashe shi ba. Maikuɗi yana tsugune a gefe har aka shafa, tumatir na bushewa a wuyansa. Kansa dai Baba bai gani ba, kuma gidan talabijin ɗin ba su maimaita ba.

Talabijin da janareta suka koma gidan Ibrahimu a daren. Dikodar tana nan a kan kabad an lulluɓe ta da ɗankwali, ramukanta na jiran zamaninsu. Dish ɗin kuwa bai yi zaman banza ba, don mata sun gano kauɗar da aka shanya a cikinsa ba ta yin yashi, yanzu layi ake yi, Rahma ce mai ba da rana. Maikuɗi ya farfaɗo, kamar yadda irinsa suke farfaɗowa, har ya fara cewa dama da wannan niyyar ya zaɓi mai zurfi. Sai dai har yau, in yana majalisa ya buɗe baki ya ce nan gaba, za ka ga mutane sun ɗaga kai sama suna dafe hula.